Ƙafa ɗaya ta kumbura: shawara ga iyayen yaron da jininsa ke daskarewa a jijiya

Tambayar wannan makon ta fito daga wata uwa a Zango, nan cikin Wagadugu. 'Yarta mai shekara 11 ta wayi gari ƙafar hagu ta kumbura tun daga sha-raɓa har cinya, ba faɗuwa, ba targaɗe. A asibiti aka ɗauki hoton jijiya aka ga gudan jini, aka kwantar da ita ana yi mata allura a fatar ciki, daga baya aka sallamo su da ƙwayar Sintrom da takardar da likita ya rubuta wa haruffa huɗu, SAPL, da alamar tambaya a gefe. An ce su koma a sake awon jini bayan wata uku. Uwar tana son sanin wace irin cuta ce wannan, ko ta gado ce, me ya sa sai an jira wata uku, kuma me za ta ce wa kakar yarinya da ta dage sai wanzami ya zo ya yi ƙaho ya fitar da mataccen jini.

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Da maganar kaka zan fara, domin ita ce ba ta jiran gobe. Kada aska ta taɓa yarinyar nan. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba cire belu. Gudan jinin yana can cikin babbar jijiya a tsakiyar tsoka, inda ƙaho ba ya kaiwa. Abin da zai zuƙo jinin fata ne lafiyayye. Sannan maganin da take sha aikinsa ke nan ya jinkirta daskarewar jini, saboda haka tsagar da za ta tsaya nan da nan a jikin wani yaro, a jikinta tana iya wuni tana tsiyaya. Ba sai kin yi jayayya da tsohuwa ba. Ki ce mata, "Inna, likita ya ce maganin nan ba ya shiri da aska, sai dai ki taimaka mana da addu'a." Ki kuma ɗora mata wani aiki na gaske: ita za ta riƙa tambaya kullum bayan sallar magariba ko an ba jikarta ƙwayarta. Tsofaffi ba sa manta irin wannan amana.

Haka kuma tausa. Wannan ya fi ba ni tsoro ma, domin da zuciya ɗaya ake yin sa. Uwa ta ga ƙafar ɗanta ta kumbura, ta narka man kaɗanya ta zauna tana murzawa, ko a kai yaro wurin mai ɗori ya ja ya matsa. Duk wanda ya ga kwalbatin unguwa a watan Agusta ya san yadda tarin shara ke ɓallewa daga wuri guda, ruwa ya tafi da shi ya je ya toshe bakin gada a gaba. Gudan jinin ƙafa in ya ɓalle, ta zuciya yake bi ya je ya maƙale a jijiyoyin huhu, kuma wannan yana kashewa cikin ɗan lokaci. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai, ta ɗauki zafi, tana ciwo in an taka, ba a murza ta, ba a gasa ta, asibiti ake kai ta a ranar.

To, mece ce cutar? Jikin mutum yana ƙera wasu ƙwayoyin garkuwa a cikin jini waɗanda aikinsu su gane cuta su kama ta. A wasu mutane garkuwar takan yi kuskure, ta ƙera ƙwayoyin da ke kama wasu sinadaran jikin mai ita, waɗanda ke manne da bangon jijiya da ƙwayoyin toshe rauni da likitoci ke kira plaket. In haka ta faru, jini yakan kasance a shirye ya daskare inda babu rauni. Wani likitan Ingila, Graham Hughes, ya bayyana wannan ciwo a Landan a 1983, shi ya sa wasu ke kiran sa da sunansa. SAPL da kika gani a takarda gajarta sunan ne da Faransanci. A takardun Gana da Najeriya APS ake rubutawa. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. 'Yarki za ta ci a kwano ɗaya da ƙannenta, ta kwana tare da su, ba komai.

Ciwo ne da ba kasafai ake samunsa a yara ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gano shi ba. Babban bayanin da likitocin yara ke dogara da shi ya fito a 2008, lokacin da wani likitan ƙasar Sulobeniya, Tadej Avcin, da abokan aikinsa suka tattara labarin yara 121 daga ƙasashe 14. A matsakaici, abin ya fara musu ne wajen shekara 10 zuwa 11, wato sa'annin 'yarki. Kashi 60 cikin 100 jinin ya daskare ne a jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, galibi a ƙafa. Kashi 32 kuwa a jijiyoyin da ke kai jini ga gaɓoɓi, kuma mafi yawan waɗannan a ƙwaƙwalwa ne, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Kusan rabin yaran suna ɗauke da wata cutar garkuwa tare, mafi yawa wadda ake kira lupus. Kusan ɗaya cikin biyar abin ya sake dawo musu. Wannan adadi na ƙarshe shi ne dalilin duk wahalar da zan ɗora miki a ƙasa.

Ki lura da wani abu da zai taimake ki. Mutum yana iya ɗauke da waɗannan ƙwayoyi shekara da shekaru jininsa bai daskare ba. Yawanci sai wani abu na biyu ya haɗu da su: zazzaɓi mai tsanani, gudawa da amai da suka busar da jiki, doguwar kwanciya bayan tiyata ko karaya, ciwon ƙoda mai zubar da sinadarin gina jiki ta fitsari, ƙiba mai yawa, ko ƙwayar tazarar haihuwa a wurin budurwa. Ƙwayoyin garkuwar ba a hannunki suke ba. Wannan abu na biyu kuwa, da yawansa a hannun gida yake.

Batun wata uku ba jan rai ba ne. Yara kan ƙera irin waɗannan ƙwayoyi na ɗan lokaci bayan mura, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka, sannan su ɓace da kansu. A gari irin namu, inda da wuya yaro ya ƙetare damina bai yi masassara ba, awo ɗaya da ya nuna alama bai isa hukunci ba. Shi ya sa ƙa'idar da masana suka amince da ita a taron Sidni, aka buga a 2006, ta ce sai awo ya nuna alamar sau biyu, da tazarar aƙalla mako 12 a tsakani. Alamar tambayar da likitanku ya sa tana nuna ya san aikinsa. Awon iri uku ne, kuma yana da kyau ki riƙe sunayensu kamar yadda ake rubuta su a takardar labo: anticoagulant lupique, anticardiolipine, da anti-bêta 2 GP1. Ki tambayi likita nawa ne daga ciki suka nuna. Yaron da dukkan ukun suka nuna a jikinsa ya fi shiga haɗari a kan wanda ɗaya ne kawai, kuma wannan yana canza irin maganin da za a zaɓa. Ba kowane labo ke yin waɗannan awon ba, don haka ki nemi likita ya faɗa miki takamaimai inda za ki je, kada ki ɓata kuɗin mai kina zagaye. Na farkon, anticoagulant lupique, Sintrom yana iya rikita sakamakonsa. Wannan matsalar likita ce da labo, su za su san dabarar da za su yi. Kada ki tsayar da magani da kanki don awo ya fito da kyau.

Akwai wani abin da ke ta da hankalin gida ba gaira ba dalili. Tsohon awon ciwon sanyi na tunjere da ake kira VDRL yana iya nuna alama a jinin mai wannan ciwo alhali ba ya ɗauke da tunjere, saboda sinadarin da ake awon da shi yana cikin abin da ƙwayoyin garkuwar ke kamawa. In kin ga haka a takardar 'yarki, ko a taki lokacin awon ciki, kada a fara zargin kowa. Akwai awo na biyu mai tantancewa.

Game da gado: ba a gadonsa kai tsaye yadda ake gadon sikila. Sai dai cututtukan garkuwa kan yi yawa a wasu dangi. Ba a bukatar a kwashi ƙannenta a kai su awo in lafiyarsu ƙalau. Amma ke kanki, in kin taɓa yin ɓari sau uku a jere, ko ciki ya girma ɗa ya mutu a ciki, ko hawan jini mai tsanani ya sa an ciro ɗa bakwaini, ki faɗa wa likitan 'yarki. Wannan ciwon yana cikin abubuwan da ke kawo haka, ta hanyar toshe jijiyoyin mahaifa. Mata nawa aka yi wa laƙabin wabi, aka kai su nan aka kai su can, alhali abin da ke damun wasunsu yana da magani a asibiti? Ina jin zafin wannan ƙwarai.

Yanzu alamomin da ba a kwana da su. Ki koya wa duk babban da ke gidan, har mai kai ta makaranta. Numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ciwon ƙirji mai suka in ta ja iska, ko tari da jini. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce bayan minti kaɗan. Wucewar ba waraka ba ce, gargaɗi ne. Ciwon kai mai tsanani wanda bai yi kama da na kullum ba, da amai, ko gani biyu-biyu, ko jijjiga. Ciwon ciki mai tsanani. Yatsa ya yi sanyi ya canza launi. Wata ƙafar ko hannu ya kumbura. A unguwa, yaron da bakinsa ya karkace dare ɗaya, abin da ake fara cewa iska ce ta buge shi, a tafi neman hayaƙi. A yi addu'a a kan hanya, amma hanyar ta zama ta asibiti. Asibitin yara na Charles de Gaulle yana karɓar gaggawa dare da rana, haka asibitocin Yalgado da Bogodogo da Tengandogo, kuma 'yan kwana-kwana suna amsa kira a lamba 18. Da isarki, kafin komai, ki ce: "Tana shan Sintrom, an taɓa samun gudan jini a ƙafarta." Wannan jimla tana gajarta bincike sosai. Ga sauran iyaye da ke karanta wannan shafi: a ƙasar nan, yaron da ɓarin jikinsa ya shanye, sikila ce likita zai fara nema, kuma daidai ne. In an auna ba ita ba ce, ko jini ya daskare ba tare da wani dalili a fili ba, ba laifi ku tambaya ko an duba SAPL.

Sai zaman yau da kullum da ƙwayar nan, wanda a nan ne yawancin gidaje ke tuntuɓe. Sintrom mai miligiram 4 ƙaramar ƙwaya ce fara, da tsagar gicciye a bayanta don a raba ta huɗu. Likita zai ce rabi, ko kwata uku, ko yau rabi gobe kwata uku. Wannan kwatar da kike gani kamar ƙwayar gero ita ce tsakanin lafiya da zubar jini a jikin yarinya mai shekara 11. Ki raba ta a kan faranti busasshe, da rana tsaka ko ƙarƙashin fitila mai haske, ki ajiye ragowar cikin takardarta, nesa da zafin kicin da hannun ƙananan yara. Lokaci ɗaya kullum, da yamma. Bayan magariba ya fi sauƙi, domin kiran salla ba ya kuskure. In an manta aka tuna cikin awa 8, a sha. In ya wuce haka, a bar ta, a sha ta gobe a lokacinta, a rubuta cewa an tsallake. Ba a haɗa biyu don ramuwa, ko kusa.

Awon da ke nuna ko maganin ya yi daidai sunansa INR. Mai lafiya da ba ya shan magani yana wajen 1. Yawancin masu wannan ciwo ana so su tsaya tsakanin 2 da 3, sai dai in likita ya ba ku wani adadi. Ƙasa da 2, jini na iya sake daskarewa. In ya haura sosai, zubar jini ce ke tafe. Ido ba ya ganinsa, yarinya tana iya wasa lafiya lau alhali adadin ya kauce. Da farko ana awon a kai a kai, in ya daidaita sai a koma aƙalla sau ɗaya a wata. Ki sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta ki ja layi huɗu: kwanan wata, INR, yawan ƙwaya, da abin da ya faru a makon, kamar zazzaɓi ko sabon magani. Ranar da aka karɓi sakamako, a ranar za a nuna wa likita ko a kira shi, ba sai ranar komawa ba.

Na san nisa da kuɗi su ne matsalar. Iyayenmu da suka zauna tsohon Zangwatin, gab da kasuwar Rood Woko, ba su da nisa da Yalgado. Tun da aikin sabunta gari na ZACA ya tashi unguwar a 2003 jama'a suka watsu, wasu wajen Waga 2000, wasu Nioko, wasu bakin gari, zuwa labo ya zama doguwar tafiya a kan moto. Kulawar kyauta da gwamnati ta fara a 2016 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da masu ciki, 'yarki ta wuce ta. Shawarata ita ce ki zaɓi labo ɗaya mafi kusa da ke wanda ke yin INR ki tsaya a kansa, domin sakamako kan ɗan bambanta daga wannan labo zuwa wancan. Ki ware kuɗin awo da na magani tun farkon wata, kafin kuɗin cefane. In kina cikin adashi, ki nemi a ba ki kwasarki ta dace da watan babban awo. In abin ya fi ƙarfinku, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, kuma neman taimako don jinyar ɗa ba abin kunya ba ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ci gaba da shan ƙwaya wata da watanni ba awo.

Miya. Za ki ji ana cewa mai shan Sintrom ya bar ganye gaba ɗaya. Ba haka ba ne, kuma a gidan da tuwo ne abincin dare, wannan shawara ba za ta kwana biyu ba. Maganin yana aiki ne ta hanyar rage ƙarfin bitamin K, ganye kuwa, zogale, alayyafo, yakuwa, rama, kabeji, latas, cike suke da shi. Abin da ke rikita awo shi ne hawa da sauka: mako guda ba ganye, mako na gaba kwaɗon zogale safe da yamma, ko maƙwabta su aiko da babenda, abincin ganye, kwano guda ta zauna ta cinye. Ta ci miyar gidanku yadda ta saba, gwargwado ɗaya, likita zai daidaita ƙwaya da cinta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kula da farkon damina, lokacin da ganye ke arha ana ci ba lissafi. In abinci ya canza sosai, a matso da awo kusa. Garin zogale da ake sayarwa a matsayin magani, da jiƙo, da sassaƙe, da duk wani tsimi, a bar su. Ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki, kuma wasu itatuwan suna ƙara wa maganin kaifi, wasu suna dakushe shi.

Magungunan asibiti ma haka. Flagyl da Bactrim, waɗanda ake sha kamar gyaɗa in ciki ya ɓaci, suna iya cilla INR sama cikin kwanaki. Man Daktarin da ake shafa wa baki in ya yi fari haramun ne gare ta. Rifampisin na tarin fuka shi kuma rage ƙarfin maganin yake yi. Asfirin, ibuprofen da diklofenak suna ƙara zubar jini. In zazzaɓi ko ciwon kai ya zo, farasitamol ne nata, gwargwadon nauyinta. Masu tallar magani a faranti da kan keke ba abokan shawararki ba ne daga yau. Sai allura a ɗuwawu: ba a yi wa mai shan wannan magani, domin jini na iya taruwa cikin tsoka. A ɗakin shan magani na unguwa, in zazzaɓin sauro ya kama yaro yana amai, allurar tsoka ce ake saurin kawowa. Ki buɗe baki ki faɗa tun kafin a fasa kwalba. Akwai ta jijiya, akwai na sha. Haka wurin mai cire haƙori. Duk lokacin da aka ba ta sabon magani, a sake INR bayan kwana uku zuwa huɗu.

Zazzaɓin dengi yana bukatar magana ta musamman, domin ya zama ɗan gari. A 2023 ya kashe fiye da mutum 700 a Burkina, kuma Wagadugu da Bobo ne suka fi jin jiki. Dengi yana rage plaket, yana kawo zubar jini, ga yarinya tana shan maganin da ke jinkirta daskarewa. Duk zazzaɓin da ya kama ta, musamman daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi, a kai ta a auna sauro da dengi da plaket a ranar farko, likita ya yanke ko za a ci gaba da ƙwaya ko a dakata. Wannan hukunci ba na gida ba ne. Sauron dengi da rana yake cizo, don haka gidan sauro da dare bai wadatar ba. A rufe randa da duro, a zubar da ruwan tsofaffin tayoyi.

Alamun magani ya yi yawa su ne haɓon da ya ƙi tsayawa bayan an matse hanci minti 10, dasashi mai zubar jini, fitsari ja, kashi baƙi ƙirin mai yauƙi, aman jini, ko tabon taruwar jini a fata ba tare da bugu ba. A fatarmu tabon ba ya fitowa sosai, sai an duba da haske an shafa an ji tauri. In ta faɗi ta bugi kai, ko da ta tashi tana dariya, a kai ta a duba. A garin da kowa ke kan moto, hular kwano ta zama dole gare ta, ko zuwa bakin titi ne.

Wataƙila wani ɗan'uwa daga Faransa ko Abijan ya ce akwai sabon magani, Xarelto ko makamancinsa, wanda ba ya bukatar awo. Gaskiya ne akwai, kuma yana da amfani a wasu cututtukan. Amma a wannan ciwon an gwada shi a Italiya a kan manya masu alamomi ukun nan, aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, aka buga sakamako a 2018, saboda masu shansa sun fi masu shan tsohon magani samun toshewar jijiya. Kada a canza sai da likita. Wani kuma zai ce allurar Lovenox, irin wadda ake yi a fatar ciki, daga hanjin alade ake samo sinadarinta. Haka ne. Malamai da yawa sun halatta irin wannan saboda larurar ceton rai. Ki tambayi malaminki don zuciyarki ta natsu, amma kada allura ta tsaya ana jiran amsa.

Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, yana busar da jiki. Ta tafi makaranta da gorar ruwa, ta dawo da ita babu komai ciki. Azumi bai hau kanta ba tukuna, in ma ya hau, marar lafiya yana da rangwame. A tambayi likita kafin watan ya kama. In za ku yi doguwar tafiya a mota, Yamai ko Kumasi ko Lome, ta zauna inda za ta miƙe ƙafa, ta riƙa motsa idon sawu, ta sauka ta taka duk inda aka tsaya, kada a hana ta ruwa don gudun fitsari. Makaranta kuwa ta ci gaba da zuwa. Tafiya da wasa mai sauƙi suna taimakon ƙafar. Dambe, kokawa da hawan bishiya ne aka hana. Ki je da kanki ki gaya wa malamin boko da na allo cewa bulala ba ta dace da jikinta ba. Ki rubuta wata 'yar takarda da Faransanci, sunan ciwo, sunan magani, lambar wayarku, ki sa a leda cikin jakarta.

Nan da shekara ɗaya ko biyu za ta fara al'ada, kuma jinin na iya yin yawa saboda maganin. Ki zama ke ce za ta fara gaya wa. In yana wuce kwana bakwai, ko yana fita da guda-guda, ko ta fara jiri da haki, akwai abin da likita zai yi. Ba dalilin tsayar da ƙwaya ba ne. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, wadda wani lokaci ake bai wa 'yan mata don daidaita al'ada ko ƙurajen fuska, ba tata ba ce har abada. In lokacin aure ya zo, ciwon ba ya hana aure kuma ba ya hana haihuwa, amma Sintrom yana iya lahanta ɗan tayi a farkon ciki. Ana shirya cikin ne tare da likita, a koma allurar hefarin da ƙaramin asfirin, kuma da wannan tsari yawancin mata suna sauka lafiya. A gaya wa mijin tun kafin a ɗaura. Wanda ɗansa namiji ne ke da ciwon kuma ba a yi masa kaciya ba, a asibiti za a yi, bayan likita ya tsara yadda za a yi da maganin.

Tunda da yawa cikin irin waɗannan yara suna da lupus, wasu kuma yakan bayyana musu daga baya, ki sa ido a kan zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, gyambon baki, ƙuraje a kumatu da ke tsananta in ta shiga rana, kumburin fuska da safe, ko fitsari mai kumfa. Awon fitsari mai arha ne, kuma shi ke fara nuna ƙoda ta taɓu. In an tabbatar da lupus za a ƙara mata Plaquenil, ɗan'uwan nibakin da muka sha muna yara, wanda ke kwantar da cutar yana kuma rage haɗarin daskarewar jini. Mai shansa ana duba masa ido lokaci-lokaci.

In awo na biyu ya fito babu komai, likita na iya tsayar da magani bayan watannin da ya ɗiba. In ya sake nunawa, shan maganin na dogon lokaci ne, wataƙila shekaru, kuma lokacin da aka fi samun koma-baya shi ne lokacin da ƙafa ta saɓe, yarinya ta koma wasa, gida ya ga kamar an gama. Ki riƙa sayen sabon kwali tun saura na mako guda a tsohon. In farmasin unguwa ba su da shi, ki nemi farmasin da ke gadi a makon nan, ko ki kira likita a ranar. Kada ki karɓi wani maganin tsinka jini a madadinsa, ko da mai sayarwa ya ce duk ɗaya ne, domin awon kowanne daban yake.